Kwana Huɗun Baba a Ɗakin Sanyi

Surukina mai aikin gilas ne. Tun kafin a haifi matata ya baro Kano ya sauka Enugu, ya fara da yankan madubi a bakin titi a Ogui, daga baya ya koma haɗa tagogin alminiyam da akwatunan gilas na masu tsire da masu sayar da magani. Duk wanda tagarsa ke yoyo da damina a unguwarmu, shi ake aika wa. Ina kiransa Baba kamar yadda 'yarsa ke kiransa. Shi kuwa bai taɓa ambaton sunana ba, domin sunan mahaifinsa gare ni, sai dai ya ce Mai sunan Malam.

Ni fawa na gada. Bayan rasuwar mahaifina na sayi tsohon ɗakin sanyi, wanda a nan kowa ke kira kol rum, na kafa shi a shagona a Abakpa Nike. Daga mayanka nake kawo nama in rataye, in riƙa kai wa otal-otal da masu abinci. Bangon ɗakin faifan ƙarfe ne da aka jera, kowane haɗi an toshe shi da silikon don kada iskar waje ta shiga.

A makon da ya gabaci Kirsimeti na wata shekara, haɗin da ke tsakanin rufi da bangon baya ya buɗe. Iska mai ɗumi na shiga ta nan, ta zama raɓa, raɓar ta daskare, ƙanƙarar kuma tana ƙara tura tsagar. Da rana sai ta riƙa narkewa tana ɗiga kan nama. Wannan ne makon da mutanen gari ke dawowa gida daga ko'ina, ana bukukuwa, kuma ina da shanu shida a rataye, kowanne da mai shi. Na aika aka gaya wa Baba.

Ya zo da hantsi a kan okada, wato acaɓa, da jakarsa a cinya. Ya shiga ya hau benci, ya bi tsagar da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya fito yana murza hannu.

"Sai an kashe injin," in ji shi. "Kwana biyu. Ɗaya bango ya huce ya bushe, ɗaya silikon ya kama."

Na ce, "Baba, ka ga abin da ke rataye."

"Na gani. Amma silikon ba fenti ba ne. Laimar da ke cikin iska yake sha kafin ya nuna, kuma yana son ɗumi. Iskar ciki ba ta da laima, injin ya tsotse ta. Abin da zai kama cikin yini a waje, a nan sai ya yi mako yana nan kamar man shafawa. In kuma ka shafa shi a kan raɓa, ko ya bushe ba zai riƙe ƙarfen ba."

Na juya ina kallon naman da ke rataye. Sai ya ce, "Matar nan mai kifi ta bayanku fa? Na ga nata ɗakin babba ne."

Na ce nama zai ɗauki ƙarnin kifi. Ba wannan ne dalilin ba. Wata Inyamura ce mai sayar da daskararren kifi a layin bayanmu, kuma watanni kafin nan mun yi cacar baki da ita a kan ruwan wankin nama da ke bi ta kwatarta. Ta gaya mini magana a gaban mutane, na rama, tun daga ranar ko gaisuwa ba ma yi. Na kasa tunanin kaina tsaye a ƙofarta ina roƙo. Wannan shi ne abin da ya hana, ba wani abu ba.

Ban ce masa ya shiga ya yi a haka ba. Na sha gaya wa kaina wannan daga baya, kamar zai rage wani abu. Abin da na ce shi ne, "Ko za a ɗan lallaɓa shi zuwa bayan biki?" Kuma na faɗa ina kallon ƙasa, yadda mutum ke yi wa surukinsa magana. Ya daɗe yana dubana. 'Yarsa na da tsohon ciki a lokacin, ya kuma san da wannan shagon muke ci.

"To, bari mu gwada," in ji shi.

Ya sa aka aro masa na'urar busar da gashi daga shagon kitso na maƙwabta. Muka janye naman da ke kusa da tsagar zuwa gaba, muka lulluɓe shi da leda, domin silikon yana da wani wari mai tsami da ke kama abinci. Na ba shi rigar sanyin da nake shiga da ita, ya ɗora a kan kaftaninsa, hannayen suka rufe masa yatsu sai da ya naɗe. Ya kankare ƙanƙara da wuƙa, ya goge da tsumma, ya hura zafi a kan ƙarfen tsawon taƙi ɗaya, ya yi sauri ya matsa silikon da 'yar na'urarsa mai kama da bindiga, ya bi da yatsa ya lallashe. Kafin ya kai taƙi na gaba, raɓa ta dawo. Kwalin silikon ɗin ma sanyi na sa shi ya ƙi fitowa, sai ya cusa shi cikin riga, a jikin ƙirjinsa, ya ɗumama. In ya gaji ya fito ya zauna a rana a bakin shago. Na kawo masa shayi, na ga sai da ya haɗa hannu biyu kafin ya riƙe kofin.

Washegari ya taɓa aikin, yatsansa ya nutse. Wani ɓangare na silikon ɗin da ke jikin rufin ma ya zamo yana lilo. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya kankare ya sake. A rana ta uku ya zo da tari. Baba dama yana da tsohon tari na shekarun da ya yi yana shaƙar garin gilas, duk gidan an saba da shi, amma wannan daban ne, daga can ƙasa yake fitowa. Na ji shi ta bayan ƙofa ina auna nama. Na ce a raina in na sallami wannan otal ɗin zan ce masa ya bari. Da na sallame su wasu suka kira.

Rana ta huɗu a zaune ya yi sallar azahar. Da ya idar na ga gumi na tsattsafo masa a goshi, alhali leɓɓansa sun yi fari. Na ce, "Baba, a bar shi haka." Ya ce saura kusurwa ɗaya. Ya shiga ya gama kusurwar, ya wanke yatsunsa da ruwan sabulu, ya ninke rigata ya ajiye a kan benci. Na tsayar masa da keke napep maimakon okada, ya ce ɓarna ce, amma ya shiga.

Kwana biyu bayan haka aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce sanyi ya kama masa huhu biyu, kuma dama can huhun nasa ba su da ƙarfi. Matata ta tare a can da cikinta, ita da mahaifiyarta, wadda muke kira Inna.

Daga asibitin ban koma shagona ba, na zarce layin baya. Mai kifin tana zaune tana ɓare kwali. Na gaishe ta, ta ɗago ta dube ni. Na gaya mata abin da nake so, cikin Turancin kasuwa, ina haɗa kalmomin da ƙyar. Ban gama ba ta miƙe ta ɗauko makulli.

"Oga, na wetin you no fit talk since?" in ji ta. Wato me ya hana ni faɗa tuntuni.

Ta sa aka matsar da kwalayen kifi gefe guda, ta ba ni rabin ɗakin. A baro muka kwashe sauran naman, kafin la'asar mun gama. Ban ji wani ya yi ƙorafin ƙarni ba. Na kashe injina, na bar ƙofa a buɗe, na zauna ina jin ruwa na ɗiga a ciki.

Da ɗumi ya shiga ɗakin, kwana ɗaya ya isa. Wuraren da Baba ya samu ƙarfen a bushe sun kama tamau, sumul kamar an zana. Wuraren da raɓa ta riga shi kuwa, ina ja suka taho a hannuna kamar igiya. Duk yadda ya faɗa haka ya kasance.

Washegarin ranar da na kashe injin, na je duba Baba da safe. An sa masa robar iska a hanci, ya rame ƙwarai cikin 'yan kwanakin. Matata ta fita sayo ruwa, Inna na salla a gefe. Ya yafito ni.

"Ya kama?"

Na ce, "Na kashe shi, Baba. Na kai naman wajen mai kifi."

Ya lumshe ido. "Madalla. Kada ka yi saurin kunnawa. Ka taɓa da yatsa tukuna."

Na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini. Na sake maimaitawa. Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun da zafi kamar garwashi.

"Da ƙafata na shiga, Mai sunan Malam. Tashi, kada ta dawo ta gan ka a haka."

Ya rasu a kwana na tara da kwantar da shi, da hantsi, ranar Talata. Kafin azahar aka yi masa sutura, muka kai shi maƙabartar Musulmi. Babban ɗansa, mai sayar da albasa a kasuwar Ose, ya iso daga Onitsha ana gab da sallar gawa. Ɗayan ɗan nasa, na Fatakwal, bai samu jana'iza ba, sai zaman makoki. Na zauna a tabarma tare da su ina karɓar gaisuwa. Mutane na tambayar abin da ya same shi, a ce sanyi ne ya kama shi, su ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba wanda ya tambayi inda mutum zai samu irin wannan sanyin a Enugu. Mai kifin ma ta zo, ta yafa gyale, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe da mata.

Matata ta san a shagona ya yi aikinsa na ƙarshe. Abin da ba ta sani ba shi ne ya nemi a kashe injin na ƙi. Na riƙe wannan har ta haihu, har aka yi suna, har ta yi arba'in. Sai wata rana da yamma tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan na gaya mata duka, har da dalilin da ya hana ni zuwa wajen mai kifi. Ba ta daina tsintar ba sai da na gama.

"Da ka je, ta karɓa?" in ji ta.

"Ta karɓa."

"Nan take?"

"Nan take."

Ta ɗauki tiren ta shiga kicin. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma gaya mini magana ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, kayana a wanke a goge, in na yi sallama ta amsa. Amma ta daina zama in ina ci, ta daina tambayata yadda kasuwa take. Na fi son da ta zage ni. Na yi tunanin kai maganar wajen yayanta ya yanke duk hukuncin da ya ga dama, sai na ga wannan ma neman sauƙi ne ga kaina, na bari.

Da Inna ta fita takaba, aka shirya za ta koma Onitsha wajen babban ɗanta. Ni da matata muka raka ta tasha. Ana ɗaure kayanta a bayan mota, matata ta je sayo mata burodi, sai Inna ta kira ni kusa da taga.

"Na ga yadda kuke," in ji ta. "Ka gaya mata ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Ni tun ranar farko ya gaya mini. Ya dawo yana rawar sanyi, na ce kada ya koma, ya ce yaron yana cikin matsi. Na yi masa faɗa, bai ji ba. Haka yake tun ina amarya." Ta gyara mayafinta. "Ban ce ba ka da laifi ba. Amma shi ya yafe, ni ma na yafe. Ita kuma ubanta ne, sai ka ba ta lokaci. Kada ka matsa mata."

Motar ta tashi. Muka tsaya har ta fita daga tasha, matata da jariri a baya, tana ɗaga hannu ko da ba a ganin Inna kuma. Sannan ta share fuskarta da gefen mayafi. Na tsayar da keke, muka shiga, kowa na kallon gefensa. Mun kusa kwanar gida ta ce, ba tare da ta juyo ba, a biya ta kasuwa, babu attarugu a gida. Na gaya wa mai keken ya juya.