Ciyaman Na Masu Mota Mai Mutuwa A Titi

Mijin ƙanwata ma'aikacin sito ne a wata ma'aikata. Shekara da shekaru yana wani ɗaki marar taga, tsakanin katan-katan na takarda da kujerun da suka karye, ba wanda ya taɓa neman shawararsa ko a kan launin labule. A gida ma haka. In ya gyara murya zai yi bayani, 'ya'yansa mata biyu sai su tuna suna da aikin makaranta. Ban taɓa ƙin sa don wannan ba. Mutum ne kawai da Allah ya ba dogon zance bai ba shi mai saurare ba.

Sai suka sayi motar. Na ce suka, don da gumin ƙanwata a ciki, amma shi "motata" yake cewa. 'Yar ƙarama ce mai ruwan toka, in mutum huɗu suka shiga sai gwiwa ta gaisa da gwiwa. Ba a jima ba ta nuna halinta: ana cikin tafiya, ba tari ba gargaɗi, injin sai ya ɗauke ɗif. Sitiyari ya ƙage, birki ya yi tauri. Kuma ƙanwata ce ke jan ta kowace safiya, ta sauke yara a makaranta ta wuce asibitin da take aikin gwajin jini, duk a kan babban titin da tireloli ke bi. Shi motar ma'aikata ke ɗaukarsa.

Ranar da ta fara mace mata a tsakiyar shataletale, ta kira ni ta faɗa mini. Shi kuwa da ya ji, wallahi kamar an yi masa albishir. Ya shiga waya ya rubuta ƙorafi mai tsawon hannu, sai ga mutane suna amsawa, wannan ya ce tasa ma haka, waccan ta ce tata ta kusa kashe ta. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kafin wata ya ƙare ya buɗe musu zaure a waya, ya naɗa kansa shugaba, ya sayi jaka mai zif da tabarau da ba likita ya rubuta masa ba. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Ciyaman. Har yaran haka suke kiransa in ba ya kusa.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya ƙorafi. Yana zuwa ofishin dillalan motar ya zauna a kujerar jira ya sha ruwan sanyinsu ya yi ta buga tebur. Kowace Asabar 'yan zauren na haɗuwa a filin wani gidan mai da ya daina aiki, a bakin babban titi, su buɗe boneti a jere suna leƙe kamar masu duba marar lafiya. Shi ke bayani. Mutumin da bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba, ga shi yana zana injin da yatsa a iska, manyan mutane na gyaɗa kai.

Ana haka kamfanin ya amsa laifinsa. Aka sanar a rediyo cewa famfon mai ne ke da matsala, kowa ya kai tasa a canza kyauta, aikin yini ɗaya. Na yi hamdala, na kira ƙanwata na ce to Allah ya raba ki da wahala.

Ashe ban san wanda take aure ba. Ya ce ba inda motar za ta.

Na je gidan da kaina. Na same shi a falo ya baje, jakar tana kan cinyarsa. Na ce, "Ciyaman, abin da kake nema ya samu, me kuma ake jira?"

Ya ce, "Yaya, ba za ki gane ba. Wannan motar hujja ce. In aka gyara ta, da me zan kama su? Sai sun fito sun ba mu haƙuri, sun ba mu sababbi."

Na ce, "Hujjar taka matarka da 'ya'yanka ke shiga cikinta kullum."

Ya ce, "Ai na koya mata yadda za ta yi in ta mutu. Ta kunna fitilun gefe kawai."

Fitilun gefe! Na kalle shi, na ji kamar in kwaɗa masa jakar. Gaskiyar maganar ita ce 'yan zauren sun soma kai nasu ɗaya bayan ɗaya, wanda aka gyara wa kuma ba ya dawowa taro. Jama'arsa ke zarewa, shi ne ciwonsa.

Ni na zuga ƙanwata, kuma ban yi nadama ba. Wata rana ta ɗauki hutu a wurin aiki ba da saninsa ba, muka kai motar, muka zauna har aka gama. Ta dawo da ita ta ajiye a inda ta saba. Mota ta koma lafiya lau. Shi kuma ya shiga damuwa. Kowace yamma sai ya tare ta a ƙofa: "Yau ba ta mutu ba?" Ta ce a'a. Sai fuskarsa ta faɗi.

Wata Asabar ya ce duk mu shirya, zai kai iyali taro a gan su, har da wani mai ɗaukar bidiyo da zai zo. Ni ina gidan, aka ba ni gaba don girma, ƙanwata da yaran suna baya. Shi ke tuƙi. Tun daga gida yake kasa kunne, yana taka totur yana saki, yana ƙunƙuni. Mota ko a jikinta, tafiya take.

Muka hango gidan man, 'yan mutanen da suka rage masa suna tsaye bakin titi. Muna layin tsakiya, tirela na bayanmu. A kan idona ya sa hannu ya murɗa makulli ya kashe injin.

Ƙarar birkin tirelar nan har yau tana kunnena. Yaran suka ƙwalla ihu, ƙaramar ta faɗa jikin uwarta. Allah ne kawai ya tsayar da tirelar, har zafin injinta muna ji ta gilashin baya. Direban ya leƙo yana zagi, shi kuwa Ciyaman ya fito ya ɗaga hannuwa sama yana kiran mai bidiyo: "Kun gani ko? Kun gani da idonku? Da iyalina a ciki!"

Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta fito ta riƙe yaran hagu da dama, ta ce masa a gaban kowa, "An gyara motar nan, ni na kai ta. Kuma na ga hannunka." Ta tsallaka titi, na bi ta, muka tari tasi.

Suna gidana tun ranar. Yaran na kwana ɗakina, ƙaramar har yanzu in ta ji hon ɗin babbar mota sai ta toshe kunne.

Ya zo sau ɗaya. Na gan shi a ƙofa da jakarsa, ya rame, na ce a raina to ko banza ya san ya yi laifi, na ba shi wuri. Ƙanwata ta fito ta zauna. Ya cire tabarau ya goge, bai tambayi yaran ba. Sannan ya ce mata, "Tsohon famfon da suka cire, sun ba ki ko yana wurinsu?"