Yayana Ba Ya Wuce Fasinja

Yayana ya tsufa a kan sitiyarin bas, bai taɓa barin fasinja a hanya ba. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, sai ya koma wasan labari a waya. A wasan akwai wata tsohuwa a bakin titi, ko ka ɗauke ta ko ka wuce. Kullum sai ya tsaya.

Mijina ya tuntsire da dariya. "Yaya, ko ka ɗauka ko ka bari, ƙarshen labarin ɗaya ne. Wahalar banza!"

Ji min mutum! Shi da bai taɓa rage wa kowa hanya ba.

Yaya ko ɗagowa bai yi ba. "Na sani. Amma ai ni ne direban."

Ya sake taka mata birki.