Fijon Felix a Teburin Malama Scholastica

Malama Scholastica ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Samaru. Mutuniyar Kagoro ce, amma tun tana budurwa take Zariya. Mijinta Felix makanike ne a Sabon Gari. Ya rasu a daminar 2003, wata huɗu bayan ta yi ritaya.

Kafin su haɗu, Felix ya taɓa shiga tseren motoci na daji, irin wanda ake kwanaki ana keta burtali da rafuka. Fijo 504 ya tuƙa, ta wani malamin jami'a. Scholastica ba ta taɓa ganin motar ba, don an sayar da ita tun kafin aurensu. Labarinta dai ta sha har ya gundure ta, wani lokaci takan tashi ta shiga kicin ta bar shi yana bayani. Bayan ya rasu sai ta ga ba abin da take son ji kamar wannan labarin, ga shi ko rabinsa ba ta riƙe ba. Hoto ɗaya ya rage, baƙi da fari, Felix ya jingina da ƙofar direba, lamba 23 a gefensa.

Wata Asabar a kasuwar Sabon Gari ta tsaya a rumfar Ukachi, mai sayar da kayan wasan yara na gwanjo. A cikin wata roba akwai ƙananan bulo na wasa, irin waɗanda ake danna ɗaya kan ɗaya su kama, har da wata 'yar taya. Ta saya gaba ɗaya. Ukachi ta ɗauka na jikoki ne, sai da Malama ta fito da hoton daga cikin littafin waƙoƙinta na coci, ta ce motar nan take son haɗawa da bulon. Tun daga ranar, duk dilar da aka kwance, Ukachi takan ware mata farare a leda.

Aikin ya ci shekara biyu. Tayoyi huɗu iri ɗaya kaɗai sun ɗauke ta wata bakwai. Yatsunta kan yi ciwo, ta jiƙa su a ruwan ɗumi ta koma teburin. Ta gama gaba da fitilu huɗu, ta gama gefen hagu, sai ta tsaya, domin hoton bai nuna bayan motar ba. 'Yarta Ƙauna, da ke aikin jinya a asibitin Shika, ita ta tuna mata da Baba Jide, mai gyaran jikin mota, wanda ya zauna kusa da Felix a wannan tseren.

Ta same shi a ƙofar tsohon garejinsa, ta buɗe kwalin da ta sako motar a ciki. Ya daɗe yana juya motar a hannu kafin ya yi magana.

"Maman Ƙauna, kin yi ƙoƙari. Amma motar nan ba fara ba ce. Rawaya ce, da hannuna na yi mata fenti."

Malama ta ce ai Felix ya gaya mata na uku suka zo. Baba Jide ya ce ko ƙarshe ba su kai ba. A rana ta biyu motar ta kafe a rafi, sai shanun noma aka ɗaura mata suka jawo ta, Felix yana ciki riƙe da sitiyari ya ƙi sauka. Malama ta yi dariya har ta goge ido da gefen ɗankwalinta.

"To, daga nan sai me, Baba?"

Duk Alhamis ta riƙa hawa bas daga Samaru ta je ta ji ci gaban, har 2007 da 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida Ogbomosho. Akwai abubuwan da ta yi niyyar tambayarsa, ba ta samu ba.

Motar kuwa ta warware ta, ta sake farawa. Bulo rawaya ba ya yawa a gwanjo, wani watan guda shida kawai Ukachi ke samo mata. Zuwa Kirsimetin 2008 ƙofofi da bayan sun zama rawaya, da tayoyin safaya biyu a sama kamar yadda Baba Jide ya kwatanta. Rufin ne har yanzu fari.