Ramin Gawayi da Gishirin da Na Tone a Gidan Kawuna

Edita da masu karatu, assalamu alaikum. A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha, ni tela ne a Kaura Namoda, ina da ɗan shago a hanyar tasha, da keken ɗinki ɗaya, da baki wanda ya fi keken gudu. Ban kai shekara talatin ba. Karatun addinina bai yi nisa ba, amma ina son a ce na sani, kuma duk gardamar da aka fara a ƙofar shagona ni ke rufe ta, ba don na fi kowa hujja ba sai don na fi kowa murya. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga kafin na iya rubuto wannan labari. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake wanda na zalunta ya cancanci a san sunansa fiye da ni.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ya yi aikin lantarki a reluwe tun jirgi na shigowa garinmu a kai a kai, da zirga-zirgar ta ja baya ya yi ritaya ya koma gida. Bokonsa bai wuce elemantare ba, kuma yana da in'ina, in ransa ya ɓaci magana takan maƙale masa gaba ɗaya. Amma hannunsa ba ya in'ina. A bayan ɗakinsa ya kafa wani dogon ƙarfe da ya zarce duk rufin unguwar, a samansa ya ɗaura fukafukai da ya yanko daga gangar mai. Ya samo injin da ke cajin batir a mota, ya warware wayar cikinsa ya sake naɗa ta da hannunsa, sau da yawa, har ya dace da naɗin da ko iska kaɗan ce ta kaɗa sai ya ba da wuta. Sannan ya haɗa wani ɗan akwati wanda in batura sun cika shi da kansa yake juya wutar zuwa famfon rijiya. A lokacin da wutar gari ke yin kwanaki ba ta leƙo mu ba, matan unguwa a gidan Kawu suke ɗiban ruwa ba tare da sun ja guga ba.

Ni kaina na ci moriyarsa. Ya cire ɗan injin da ke kaɗa mashafin gilashin mota ya ɗaura wa kekena, ya ba ni batir, sai ga ni ina gama kayan Sallah tun sauran teloli na fama da ƙafa. Ya so in zauna in koyi aikin, yakan ce ɗan nan, hannun da ya iya zare zai iya waya. Ni kuwa gani nake wannan wahalar tsofaffi ce. Yana da littattafai guda biyar ko shida da yake rubuta duk abin da ya gwada, rabi da ajami rabi da boko, cike da zane-zane na layuka da murabba'i da lambobi. Na sha ganinsu a kan tabarmarsa, ban taɓa tambayarsa ko mene ne ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu mun yi murna ta gaskiya, kuma har gobe ban ga laifin murnar ba. Laifin yana wurin irina, waɗanda kanmu ya ɗau zafi muka ga kamar kowa a gari mai laifi ne da ba a riga an kama ba. Mu samari kusan goma muka haɗa kanmu, ba wanda ya naɗa mu, muna bin unguwa muna sa ido. Abokaina kuwa suka samu abin tsokana, kullum sai an ce mini ina wa'azi a waje alhali kawuna ya kafa wa iska hasumiya a gida. Da wasa suke faɗa, amma abin yana cina. Na rasa sukuni, ina ɗinki ina saƙe-saƙe, ina neman abin da zan yi a daina haɗa ni da shi.

Wata rana da la'asar, ana dab da faɗuwar damina, na shiga gidan in gai da matarsa. Sai na tarar da shi a gindin ƙarfen nan ya tone rami mai zurfi. A tsakiyar ramin akwai sandar jan ƙarfe a kafe, da waya mai kauri da ta sauko daga saman ƙarfen ta ɗaure a jikinta. Ina tsaye ya zuba gawayi, ya bi shi da gishiri, ya sake zuba gawayi, ya sake gishiri, ya mayar da ƙasa, sannan ya ɗauko tulu ya tuttula ruwa a kai yana motsa baki. Yanzu na san bisimilla yake yi, kamar yadda yake yi a kan kowane aiki. A ranar kuwa gabana ne ya faɗi, kuma in faɗi gaskiya har da wani daɗi na ji. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya yi binne, wato ya binne asiri a ƙasa. Matarsa ta ƙara mini da cewa ai duk shekara haka yake yi kafin ruwa ya sauka, kuma in rani ya yi tsanani yakan riƙa shayar da wurin. Kalmar shayarwar nan ita ta ƙarasa ni. Na tuna zanen littattafansa, nan take suka koma mini hatimi.

Ban tambaye shi ba. Taku uku ne tsakanina da shi, kuma da na buɗe baki da ya zaunar da ni ya bayyana mini, ko da zai kai magariba yana in'ina. Sai na fita na nufi abokaina. Muka je wurin wani malami dattijo a unguwar, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce zato ba hujja ba ne, a je a tambayi mutumin cikin mutunci, in akwai magana a kai ta gaban alƙali. Muna fitowa na ce malam ya tsufa, tsoro yake ji. Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa, kuma a bakina ya ƙara kitse, har da abin da ban gani ba.

Da hantsi muka shiga gidan da fartanya da shebur, jama'a na biye da mu. Ni na fara sara. Gawayi ya fito, gishiri ya fito, sandar jan ƙarfe ta fito, mutane suna salati suna ja da baya. Kawu ya fito daga ɗaki yana son yin magana, bakinsa na rawa, kalma ɗaya ta ƙi fita. Ya riƙe hannuna lokacin da na ɗauko almakashin yankan ƙarfe, na fizge. Sai da na datse wayar sannan magana ta kuɓuce masa, cikakkiya, ba in'ina ko ɗaya: ya ce in muka raba wagga waya da ƙasa, aradu za ta faɗo a gidan. Shi gargaɗi yake yi mana irin na mai sana'a. Mu kuwa abin da muka ji shi ne mutum ya amsa da bakinsa cewa aradu a hannunsa take, har yana yi mana barazana da ita. Na juya na ce wa jama'a sun dai ji da kunnensu.

Mai unguwa ya zo ya raba taron. Don a zauna lafiya ya ce kada kowa ya sake taɓa komai sai an je gaban alƙali, ya tafi da Kawu zaurensa saboda kada a yi masa rauni. Sandar da wayar muka tafi da su. Littattafan kuwa ni na shiga har ɗaki na kwaso, na ce shaida ce, amma ban kai su ko'ina ba. A bayan shagona na zuba musu kananzir na ƙone su, ina jin kamar na yi wa Allah aiki. Sau biyu Kawu ya aiko daga zauren mai unguwa yana roƙon a taimaka a sauke ƙarfen kafin hadari ya haɗu. Ba wanda ya yarda ya kusance shi, kowa na tsoro.

A rana ta uku, bayan azahar, hadarin farko ya taso daga gabas. Ina shago na ji ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Aradu ta sauka a kan ƙarfen, ba ta samu hanyar shiga ƙasa ba, ta bi wayoyi ta shiga ɗakin batura. Akwatin da injin da famfon duk suka ƙone, rufin ya kama da wuta. Matar Kawu tana tsakar gida tana kwashe shanya, aka same ta a yashe. Ta rayu, amma daga ranar ba ta sake jin magana ba sai an ɗaga murya a kunnenta na dama. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda gari ya karanta lamarin. Abin da ya faru ya nuna gaskiyar Kawu ce, amma kowa ya ce ga shi nan, ya faɗa kuma ya aikata. Maganar ba ta ma je gaban alƙali ba, inda da an tambaye ni hujja. Mutane suka daina gaishe shi, matan da suka sha ruwansa suka canza hanya. Bayan 'yan makonni ya kwashe iyalinsa ya koma wani ƙauye a ƙasar Zurmi, wurin ɗiyarsa. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai take yi, har ta rasu ba ta sake ambatar sunansa a gabana ba.

Shekaru kaɗan bayan haka wayar hannu ta iso. Ranar wata kasuwar Shinkafi na je sayen yadi, na ga ana kafa ƙarfen sabis a bakin gari, na tsaya kallo kamar kowa. Sai na ga leburori sun tone rami, an kafa sandar jan ƙarfe, ana zuba buhunan gawayi da gishiri, wani yana bi da ruwa. Na matsa wurin injiniyan da ke kula da aikin, wani Bahaushe mai fara'a, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce ai hanya ce ake yi wa tsawa ta wuce ƙasa salin alin, gawayi da gishiri suna riƙe danshi ne don ƙasar ta karɓi wutar. Ban san lokacin da na fara ba shi labarin fukafukan gangar mai da akwatin da ke juya wuta da kansa ba. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ce irin wannan akwatin su daga waje ake kawo musu, ya tambaye ni a wace makaranta mutumin ya yi karatu, kuma ko ya bar wani abu a rubuce. Na ce masa ban sani ba. Yadin ma ban saya ba, na hau mota na dawo, kuma tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba.

Sai da na yi wata biyu ina kai-kawo kafin na iya zuwa ƙauyen. Na same shi a gindin bishiya yana gyara wa wani makiyayi tocila, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi duk abin da na zo da shi, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ya yafe tun tuni, ya faɗe ta da sauri kamar wanda ke son a wuce wurin. Sannan ya matso kusa, ya rage murya, ya tambaye ni ko cikin littattafan akwai wanda ya tsira, ko da mai shuɗin bango ne kawai. Ya ce a ciki ya rubuta yadda ya naɗa wayar injin, ya yi ta gwadawa a nan ƙauye amma lissafin ya ɓace masa. Ashe duk shekarun nan yana zaton suna ajiye a wani wuri a matsayin shaida. Na gaya masa gaskiya. Ya ci gaba da murɗa tocilar, can ya tambaye ni lafiyar yarana. Bai kai damina biyu ba bayan wannan Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Na gane ba kishin addini ne ya kai ni gidan nan da fartanya ba, kunyar abokai ce da son a gan ni, na lulluɓe su da sunan Allah. Addinin da nake taƙama da shi ya ce in bincika, malami ya ce in tambaya, ban yi ko ɗaya ba. Ina roƙon masu karatu, musamman samari masu zafin jini, in kun ga mutum yana abin da ba ku gane ba, ku ɗauka cewa ku ne ba ku gane ba, ku tambaye shi, ku kuma ba shi lokaci ya gama magana. A garuruwanmu akwai masu basira da ba su da takardar shaida, ba su da mai tsaya musu, kalma ɗaya daga bakin jahili ta isa ta shafe aikin rayuwarsu. Na bi gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya ina faɗin gaskiyar abin da ke cikin ramin nan. Wasu sun ce Allah Ya ji ƙansa, wasu sun ce ai dole in kare shi tunda jinina ne. Ranar da na yi masa ƙarya unguwa guda ta biyo ni, yau da nake faɗin gaskiya ni kaɗai nake yawo.