Saƙon Hindatu Bai Isa Ba

Ni da kuke gani da farin gemu, a da dillalin shanu ne a kasuwar Ƙanƙara. Bokona ya tsaya a firamare, kuma malaminmu ya fi ni murna da tsayawar. Da harkar shanu ta lalace sai na buɗe shagon kwamfuta a Faskari, har wasu na ce mani Dakta, ni kuwa ina amsawa.

Rannan wani ɗan Sabuwa da ake kira Injiniya ya shigo. Ya ce, "Alhaji, ara mani kujera, gaisuwa kawai zan tura wa Turawa." Ashe gaisuwar damfara ce, wai mu marayun wani attajiri ne. Da na ga abin da ke shigowa, sai na jawo kujera kusa da shi. Maraya mai jikoki!

Ba a jima ba amsa ta ɗauke. Injiniya ya ce kowane akwatin imel na da na'ura mai tace saƙo a bakin ƙofa. Kowane layin intanet kuma na da lambarsa, wai ita IP, kuma tamu ta yi baƙin suna. Na ce, "To mu bi da saƙon ta hannun wani." Muka yi, aka sake tare shi, don duk zangon da ya yada sai an buga mashi lambar wurin. Nan na gane. Haka muke yi a kara, kasuwar shanu: ba ƙibar saniya ake fara dubawa ba, sai an ji garin da ta fito da hannun da ta biyo. Na gane, amma ban bari ba.

A lokacin ne ɗiyata Hindatu ta nemi makarantar jinya, ta tura takardunta da imel ɗin shagona. Ta ce, "Baba, ka tabbata ya tafi?" Na ce, "Ke, da Dakta fa kike magana."

Ba amsa daga makarantar, har aka rufe ɗauka. Ni kuma hukuma ta ɗauke ni, Injiniya ya ɓace.

A gidan yari ta ziyarce ni. Ta ce, "Baba, na je makarantar. Sun samu saƙona a kwandon shara tare da na 'yan damfara." Na ɗaga murya, "Allah ya isa tsakanina da wanda..." Ta ce, "Baba, kada ka ƙarasa." Ɗaurin bai dame ni kamar wannan maganar ba.

Na fito, na tuba, na koma gona a Ruwan Godiya. Ku samari, ku ji daga bakin Dakta: in kun ɓata sunan ƙofa, ba ku kaɗai ke bi ta cikinta ba. Kada ku ara wa kowa kujera.

Bana Hindatu ta sake nema, daga shagon mutanen kirki. Ni kuma na sa takardun a aljihu, na kama hanyar makarantar da tabarmata. Ba ni tashi daga ƙofar ofishinsu sai sun ce sun gani.