Tsoho Kakimoto da Takalma Talatin da Takwas

Shekara hamsin da ɗaya Kakimoto ya yi a tsugune a ƙofar masaukinmu, aikinsa guda: takalman baƙi. Baƙo zai tuɓe takalmi ya hau tabarma, Kakimoto ya ɗauke. In ya sauko zai tafi wankan ruwan zafi ko sayen tsaraba, sai ya tarar da takalminsa a ajiye, baki na kallon titi, ƙafa kawai zai zura. Babu lamba, babu takarda. Ni Fumie, da na shekara ashirin ina kai abinci ɗakuna, ban taɓa jin ya musanya wa kowa ba.

Ɗan masunci ne, amma teku ta ƙi shi. Da ya hau jirgi sai amai. Uban ya gaji, ya kawo shi masauki yana ɗan shekara sha tara. Bai taɓa aure ba. In na tsokane shi sai ya ce, "Fumie, na ga ƙafafun matan garin nan kaf. Me ya rage in gani?"

Bara ne Shinji, surukin uwar masauki, ya zo daga Osaka ya karɓi ragamar wurin. Sati bai cika ba sai ga mota ta sauke akwatunan ƙarfe masu makulli.

"Baba Kakimoto," in ji Shinji, "yanzu baƙin waje ne ke zuwa mana mota-mota. Kowa ya kulle takalminsa ya riƙe makulli. Kai kuma ka huta, gwiwa ta gaji."

"Gwiwar ce ta kawo maka ƙara?"

"Ba haka ba ne, Baba. Ai mutum yana mantuwa."

"Wane mutum?"

Shinji ya yi murmushin ofis. "Gobe mota za ta kawo mutum talatin da takwas. In ka kuskure ko ɗaya, ka ajiye aiki da kanka."

"In ban kuskure ba, ka kwashe min waɗannan akwatunan gawa daga ƙofa."

Uwar masauki, Madam Setsuko, tana tsaye tana jin su.

Washegari suka iso cikin ruwan sama, sun sha yawo a tsaunin da ke bayan haikalin garinmu, takalma sun yi jagab da taɓo. Rabin takalman farare ne iri ɗaya. Na raɗa masa, "Tsoho, yau ka shiga uku." Ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan dugadugai, yana duba wanda ke cin gefe, da wanda ke take bayan takalmi.

Da safe ya jera su a ƙofa. Duk wanda ya sauko, kafin ya kai matakalar ƙarshe nasa na gabansa. Shinji na gefe yana ƙirge. Talatin da shida. Talatin da bakwai. Sai na ƙarshe, wani ƙaton Bature mai jan gemu, ya dubi abin da aka ajiye masa ya girgiza kai. Tafintar da ke rakiyarsu ta sunkuya ta ce, "Ya ce ba nasa ba ne."

Shinji ya yi gyaran murya. "To, Baba."

"Nasa ne."

"Ya ce nasa ruwan ƙasa ne, igiyar hagu a tsinke," in ji tafinta.

Nan na gane. Kakimoto ba ya mayar wa baƙo jiƙaƙƙen takalmi. Ya kankare taɓon, ya wanke, ya cusa tsohuwar jarida ta tsotse ruwan, ya sa sabuwar igiya daga aljihunsa. Ashe takalmin ruwan toka ne, dauɗar shekaru ce ta rina shi.

"Ki ce masa ya zura ƙafa," in ji Kakimoto. "Babban yatsansa na dama ya tona rami a ciki. In yatsan bai faɗa gidansa ba, yau na bar garin."

Baturen ya zura, yatsan ya faɗa gidansa. Sai matarsa ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta faɗi wata magana.

"Ta ce shekara shida tana roƙonsa ya wanke shi," in ji tafinta.

Da motar ta tashi, Shinji bai haƙura ba. "Duk da haka baƙo ya yi ƙorafi. Wa ya ce ka taɓa kayan mutane?"

"Kan kuskure muka yi magana, Manaja, ba kan ƙorafi ba. Kuma wa ya ce maka akwati na busar da takalmi?"

Sai a lokacin Madam Setsuko ta yi magana. "Shinji, a kai akwatunan ɗakin wanka, a riƙa zuba agogo da tabarau."

"Amma Mama—"

"Kai kuma Kakimoto, wannan tsuguno ya isa. Za a kawo maka kujera."

"Ba na so, Madam."

"Ban tambaye ka ba."

An kawo kujerar. Har yau tana nan kusa da shi, ya ɗora mata buroshi da jaridu, shi kuwa yana ƙasa a tsugune.