Maɓallan Rigar Baba

Ranar wata Laraba cikin azumin shekarar da korona ta kulle mu a gida, Mama ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba ta ce, "Yau duk wanda ya taɓa masa maɓalli, ni da shi ne." Ni take kallo. Shekarata goma sha uku, muna zaune a wani dogon bene a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje, Mama tana digirinta na uku, Baba kuma tsohon saje ne da nakiya ta lalata wa jijiyoyin hannu a bakin daga. Kullum da safe ni ke ɓalla masa maɓallan riga in gyara masa hula, kafin in shanya wanki a baranda, in zuba wa yakuwar da Mama ta shuka a bokitin fenti ruwa. Da ƙofa a rufe muke yi. Ko ƙanena Sadiku, da ke yini yana buga ƙwallon safa a falo, bai sani ba.

Wannan rufin asirin ne ya cuce mu. Baba mutum ne da ko zazzaɓi na jijjiga shi, in ka tambaye shi zai ce lafiya lau. Da ya je gaban kwamitin likitocin soja a Najeriya neman haƙƙin wanda rauni ya hana aiki, an shirya shi tsaf, shi kuwa ya ƙame kamar ranar fareti ya ce, "No complain, sir." Suka ce garau yake, ya je ya nemi aiki. Mutumin da kofin shayi ke gagara! Ya ɗaukaka ƙara, kuma daga wannan babu wata. Tallafin karatun Mama ya kusa ƙarewa, in aka sake hana shi haka za mu koma gida ba abin dogaro. Da yake jirage ba sa tashi, aka ce a yi zaman ta bidiyo.

Ranar zaman, wato wannan Larabar, Mama ta kwashe jallabiyoyinsa ta ɓoye, ta bar masa riga ɗaya mai maɓallai har ƙasa. Ya kira ni a hankali, "Uwata, zo mana." Na tsaya a bayan labule ina kuka, ban je ba. Haka ya zauna gaban kwamfuta, riga a buɗe, singileti a waje, yana huci. Wani kanar mai furfura ya dube shi ya daka masa tsawa, wane irin soja ne wannan, ya rufe rigarsa. Soja ba ya musu da umarni. Baba ya kama maɓallin farko, yatsunsa na rawa, ya kuɓuce. Ya sake kamawa. Gumi ya jiƙa masa wuya, ana jiyo ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Can ya sauke hannayensa a cinya.

"Yallaɓai, ba zan iya ba."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Kanar ya sassauta murya ya tambaye shi wa ke masa kullum. "'Yata," in ji Baba, ya juyo ya yafito ni. Na fito na ɓalla masa su ɗaya bayan ɗaya a gaban manyan soja, ƙirjina cike da alfahari.

Bayan sallah saƙo ya zo: an amince. Mama ta rangaɗa guɗar da ta fito da maƙwabta baranda. Mutum ɗaya aka yarje wa fita daga kowane gida, Baba ya ce yau shi ne. "Tapau zan yi a mamak, kowa sai ya makan!" Yaren garin ke nan, wai zai ƙunso abinci daga shago kowa ya ci. Ya dawo da ledojin gurasar roti rataye a damtse, yana tafiyar fareti.

Yanzu muna Kaduna, ni ina jami'a. Da ƙofa a buɗe yake ƙwala wa Sadiku kira ya zo ya yi masa maɓalli, ba kunya ba ɓoyo. Ina murna da haka, amma in gari ya waye a makaranta, yatsuna kan nemi rigarsa.